Tafiyar da Muka Ɓoye wa Babansa

Ranar Talata ɗan ƙanwata ya saki kujera ya yi taku uku. Babansa direba ne, sai Juma'a zai dawo, kuma kullum fatansa tafiyar farko ta zama a gabansa.

"Ba mu ga komai ba," in ji kakar yaron. "Kowa ya ja bakinsa."

Kwana uku aikinmu ɗaya: ya miƙe, mu zaunar da shi. Har bayana ya ƙage.

Juma'a uban ya durƙusa a falo, waya a hannu. "Taho, ɗan baba!"

Yaron ya miƙe, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya zauna daɓas yana tafa wa kansa.

Uban ya juyo gare ni. "Yaya, anya kuna koya masa kuwa?"