Rufin da Auta Ya Yi wa Tsakar Gida

Tun da aka fara kafa dogayen benaye a unguwar, gidan su Auta ya koma kamar rami. Ƙaramin gida ne irin na da, ɗakuna a jere da tsakar gida a buɗe, kuma mahaifinsa ne ya gina shi da hannunsa lokacin da wurin duk fili ne. Maƙwabta na dama da na baya sun sayar sun tashi, aka rushe gidajensu, aka kafa ginin da kullum ƙara tsawo yake yi. Duk wanda ya tsaya a tsakar gidan ya ɗaga kai, abin da zai gani shi ne ƙarafa da katakan da leburori ke takawa a jikin ginin, da injin ɗaga kaya mai dogon wuya yana jujjuya rodi da buhunan siminti a sama.

Auta mai walda ne, shagonsa na bakin titi. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, bai taɓa barin iyalinsa da yunwa ba. Aibinsa guda: abin da mutane za su ce ya fi masa komai nauyi. Irin wannan aibi ba a saka shi cikin jerin laifuffuka, shi ya sa masu shi ke tsufa da shi suna zaton mutunci ne.

Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon magini ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya ɗauke masa ƙafa da hannun dama, ya karkata masa baki. Magana ta tafi, sai wani gurnani da yake yi in yana son wani abu. Banɗakin gidan ya yi ƙanƙanta ga mutum biyu, don haka kowace safiya Auta ke ɗauko shi ya zaunar da shi a kujerar roba a tsakar gida, ya ɗaura masa zane a ƙugu, ya yi masa wanka, sannan ya tafi shago. Sauran yinin kuma matar Auta ce ke tare da shi. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke goge masa yawu.

Kafin ginin, bai wa Baba abinci yaƙi ne. Sai ya damƙe baki ya juya kai bango. Amma tun da bene ya wuce tsayin katanga ya fara leƙo gidan, tsohon ya canja. Da an gama wanka sai ya kafe sama da ido. In an zuba kankare yana kallo, in injin ya ɗauko rodi idonsa na bin sa har a sauke. Matar ta gane cewa a wannan lokacin in ta kawo cokali, buɗe baki yake yi ba tare da gardama ba. Har kumatu ya soma yi.

Wata rana da tsakar rana leburori biyu suka shigo shagon Auta da baro wanda ƙafarsa ta ɓalle. Babban cikinsu, mai furfura a gemu, ya tsaya yana kallon Auta.

"Maigida, ba kai ne ɗan tsohon nan na gidan ƙasa ba? Wanda kake yi wa wanka da safe?"

Auta ya kashe injin walda.

"Ai kullum muna ganinku daga hawa na sama," in ji mutumin. "Allah ya yi maka albarka. Ni nakan ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗago na hagun. Mun zama abokai."

Ɗayan ya yi dariya ya ce, "Mu har sifeto muke ce masa. In ya ɗaure fuska mun san layin bulo ya karkace."

Ba su faɗi haka da mugunta ba, ko yaro ya ji zai gane. Amma Auta bai ji albarkar ba, bai ji abotar ba. Kalma ɗaya ya ji: muna ganinku. Ya tuna haƙarƙarin Baba a waje, da yawun da ke zuba, da ranar da tsohon ya ɓata jikinsa kafin a kai ga kawo fo. Ya gyara musu baron cikin fushi, ko sallamar kirki bai yi musu ba.

Da yamma ya shigo gida da abin awo, ya fara auna tsakar gida daga bango zuwa bango.

"Me za a yi kuma?" matarsa ta tambaya.

"Rufi zan yi."

"Na ina?"

"Na nan duka. Garin nan kaf ya san yadda ubana yake ba riga."

Ta ajiye wankin da ke hannunta. "Baban yara, in don wankan ne, a rataya labule a lungun can mana. In an gama a fito da shi."

"Ke fa? Da ke da yara kuna yawo ƙattai na kirga muku taku daga sama?"

"Ni na daɗe da sanin suna can, mayafina na kaina. Amma Baba da kallon nan yake cin abinci. Wallahi da shi yake ci."

"Da baki ake cin abinci, ba da ido ba."

"Kai da safe kawai kake ganinsa. Ni nake yini da shi."

"To yau kin zama likita." Ya ja abin awonsa ya ci gaba.

Baba yana zaune yana jin su. Ya yi gurnani, ya ƙara yi. Auta ya dube shi, ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Shi ma ya gaji da idon mutane." Haka mutum yake in ya riga ya yanke shawara: ko kukan wani ya ji, sai ya fassara shi da goyon baya.

Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Auta gwani ne. Ya kafa ƙarafa, ya shimfiɗa kwano, bai bar ko ƙofar da allura za ta shiga ba. Da ya sauko ya ji ƙirjinsa wasai, kamar ya sauke dutse. Maƙwabcin da ya rage a layin ya zo ya gani ya ce, "Kai ɗa ne na gari." Wannan magana ta yi wa Auta daɗi ƙwarai.

Gidan ya yi duhu, sai da aka riƙa kunna fitila da rana. In rana ta take, kwanon ya ɗau zafi, tsakar gida ta zama tanda. Wanki ya daina bushewa. Ƙarar aikin kuwa tana nan: bugun guduma, kukan injin, ihun leburori suna kiran juna. Baba yana jin komai, ba ya ganin komai. Kwanakin farko yakan ɗaga kai ya kafe kwanon da ido, yana bin ƙarar daga wannan gefe zuwa wancan. Daga baya ya daina. Ya koma damƙe baki.

"Yau ma bai ci ba," matar takan ce.

"Zafi ne. Zan sa fanka."

Ya sa fanka. Ya sayo maganin ƙarin jini. Ya kawo ma'aikacin asibiti ya duba shi, aka ce babu sabon ciwo, a dai dage da abinci. Duk wata dabara Auta ya yi ta, ban da wadda aka faɗa masa tun farko. Da safe in ya ɗauko Baba yana jin yadda yake ƙara rashin nauyi a hannunsa, kamar kwandon da aka kwashe kayan ciki. Ya sani. Kada wani ya ce bai sani ba. Amma cire rufin yana nufin ya tsaya gaban matarsa da maƙwabci ya ce ya yi kuskure, kuma wannan ya fi masa wuya.

Ana cikin haka yayarsa ta zo dubiya daga garin da take aure. Mace ce da ba ta tauna magana. Tana shigowa ta tsaya tana lalube.

"Ikon Allah. Auta, gidan ubanmu ne ko gareji na shigo?"

Da idonta ya saba da duhun ta ga Baba, sai ta bar wasan. Ta durƙusa ta kama hannunsa na hagu. Sannan ta juya ga matar Auta. "Ƙanwata, faɗa mini gaskiya. Kada ki rufa masa."

Matar ta faɗa mata komai, da leburan, da kallon, da cokalin.

"Yaya, ba ki san yadda abin yake ba," in ji Auta. "Mutane daga sama suna kallon tsiraicinsa. Mutuncinsa na kare."

"Mutuncin wa?"

"Na Baba."

"Mutumin da ya shekara da shekaru a kan gini daga shi sai gajeren wando, duk gari na wucewa ta ƙasansa? Shi ne yau zai ji kunyar magina? Kai dai ka ji kunyar ɗan'uwanka ɗan Adam ya ga ubanka ya lalace. Tun kana ƙarami haka kake. In wandonka ya yage sai ka ƙi fita, mu mu sha wahalar aike."

"Yaya, a gaban iyalina kike faɗa mini haka?"

"Ka gani? Har yanzu wanda ke kallo kake lissafi."

Washegari Auta bai buɗe shago ba. Ya hau ya kwance kwanon ɗaya bayan ɗaya. Haske ya faɗo tsakar gida, suka fito da Baba suka juya kujerarsa wajen benen. Sai dai watannin da rufin ya yi, masu gini ba su zauna jiran Auta ba. An gama ɓangaren da ke kallon gidan. An kwashe ƙarafan takawa, an tafi da injin ɗaga kaya, an lulluɓe bangon da baƙin gilashi daga ƙasa har sama. Babu mutum ko ɗaya a jikinsa. Baba ya ɗaga ido ya duba, bai daɗe ba ya sauke kai.

Auta ya je ƙofar ginin ya tambayi mai gadi ina leburorin. Mai gadin ya nuna da baki: sun koma sabon aiki, can ƙetaren babban titi, inda ake haƙa wani benen da aka ce zai fi wannan.

Kwana biyu Auta ya yi a shago yana haɗa keken da zai tura Baba a ciki. Ya yanka bututun ƙarfe, ya sa tayoyin tsohon keke, matarsa ta ɗinka matashi. Da safe ya yi wa Baba wanka, ya sa masa riga mai kyau, ya ɗaure shi da ƙyalle a ƙirji don kada ya zame. Matar ta zuba abinci mai ruwa-ruwa a ƙaramar kula ta rataya a hannun keken.

A bakin ƙofa Auta ya tsaya. Layin cike yake da mutane, masu shaguna na buɗewa, motocin yashi na wucewa. Wanda ya rufe gida don kada a gani daga nesa, yau shi zai tura uban a tsakiyar titi, baki a karkace, yawu na sauka a riga. Ya sunkuyar da kai ya tura. Wasu suka gaishe su, wasu suka bi su da ido, wata mata ta ce "Allah sarki" da ƙarfi. Auta bai mutu ba. Nan ya gane cewa abin da ya yi ta gudu bai kai ya kashe kowa ba, kuma ganewar ba ta yi masa daɗi ba.

An kewaye sabon wurin da katangar kwano. Mai gadin wurin ya hana su matsowa, ya ce nan hanyar manyan motoci ce. Suka koma gefen titi, kusa da kwata, inda ake hango saman ginin da wuyan injin. Leburorin sun yi nisa, kamar tururuwa, ba a gane fuskar kowa.

"Baba, ga su can. Duba."

Wuyan tsohon ya riga ya yi rauni, kan ba ya ɗaguwa. Auta ya durƙusa, ya sa tafinsa ƙarƙashin haɓar, ya ɗaga masa. Idon ya yi yawo, ya sami injin, ya bi shi kaɗan. Da ɗaya hannun Auta ya buɗe kular, ya ɗebo cokali ya kai bakin. Baba ya karɓi na farko. Na biyu ya tsaya a leɓe ya gangaro.

Sai ya yi gurnani.

Auta ya saurara. Bai san ko ƙari yake so ba, ko gida, ko ƙyallen ne ya matse shi. Matarsa da ta ji za ta sani nan take, amma tana gida. Shi da ya yi ta magana da yawun mahaifinsa, ko sauti ɗaya daga cikin sautukansa bai koya ba.

"A ƙara ne, Baba? Ko mu koma?"

Wata motar kankare ta wuce ta watsa musu ruwan kwata a ƙafa. Hannunsa ya soma sagewa a ƙarƙashin haɓar, amma ya san in ya janye kan zai faɗi. Ya gyara durƙuso, ya sake tambaya a hankali, ya kawo kunnensa kusa da bakin tsohon.