Majingini a Bayan Babur

Mai ɗinkin kujera ya cire ƙusoshin ƙarshe, ya yaye tsohuwar ledar kujerar babur ɗin. Soson da ke ciki ya yi baƙi, ya lotse kamar matashin da aka gaji da shi. Dogo ya kawar da kai. Babur ɗin na mahaifinsa ne, kuma mahaifin yana zaune a benci a bakin rumfar, sanda tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon ana feɗe masa abin hawa.

"Kai, tsoho, wannan ramin na gaba ai sai a tara ruwan sama a ciki," in ji mai ɗinkin. "Tun yaushe kake haƙa shi?"

"Tun kana ɗinkin buhu," in ji Baba. Maganar ta fito a karkace, domin tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bakinsa bai koma daidai ba. "Kada ka taɓa gaban. Bayan aka ce ka gyara."

Ɓarin hagu ne ya tafi. Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa, in dai ba a fasa zuwa gashin ƙafa a asibiti kowane mako ba, in kuwa aka yi sakaci za ta sandare ke nan. Asibitin yana da nisa, motar haya kuma ba ta tashi sai ta cika, sun sha isa bayan an rufe layi. Babur ne kawai mafita. Amma Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zaga ƙauyuka da jakar sifanu yana gyaran injin niƙa, ya ce bai taɓa zama a bayan kowa ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Da ƙyar Inna ta shawo kansa ya biyo Dogo yau, a kan zai duba aikin ne kawai.

Mai ɗinkin ya yanko soso mai tauri ya shimfiɗa a bayan kujerar, ya shafa gam, ya ɗora mai laushi a sama. Ya faɗaɗa bayan sosai, yana fere gefuna da wuƙa yana shafawa da tafin hannu.

"Mutane suna zaton laushi ne jin daɗi," ya ce wa Dogo. "Laushi kaɗai, kafin ku yi rabin hanya ya nutse ya tarar da ƙarfe."

Dogo ya gyaɗa kai. Tunaninsa yana kan majinginin da ya sa mai walda na kusa ya haɗa da safe. Dogo ne ya zana shi da kansa, dogo har tsakiyar baya, da 'yan hannuwa a gefe don kada Baba ya zame ta hagu idan an sha kwana. Da aka naɗe shi da soso, aka ja sabuwar leda aka ɗaure komai, sai babur ɗin ya koma wani abu daban.

"To, ga kujerar manya," in ji mai ɗinkin. "Saura fanka. Ku hau mu gani."

Dogo ya hau gaba ya kafa ƙafafunsa. Baba ya daɗe bai motsa ba. Daga baya ya dogara sanda ya miƙe, ya jawo ƙafar hagu har gefen babur ɗin. Ya kama kafaɗar ɗansa, ya yunƙura zai ɗaga ƙafa ya ƙetara. Majinginin ya tare hanya. Ya zagaya ɗaya gefen ya sake gwadawa, gwiwarsa ta bugi ƙarfen hannun, ya yi taga-taga, sai da mai ɗinkin ya tare shi.

Dogo da mai ɗinkin duk sun yi tunanin yadda Baba zai zauna, ba wanda ya tuna yadda zai hau.

"Mu ɗaga shi mana," in ji mai ɗinkin a hankali. "Ni nan, kai can."

"Ni ba buhun masara ba ne," in ji Baba.

"To a yanke majinginin."

"In aka yanke zai faɗi," in ji Dogo. "Baba, laifina ne. Ka ba ni zuwa gobe, zan sa a yi masa abin buɗewa."

"Gobe ne gashin." Baba ya gyara hularsa da hannun dama. "Bar shi haka. Ƙafar nan ta yi tafiyar da Allah ya rubuta mata. Nemo mini abin hawa mu koma gida."

Dogo ya sauka. Ya kafa babur ɗin a kan ƙafafun ƙarfensa na tsakiya, ya juya baya kamar yana neman wani abu a cikin tarkacen soso, don kada a ga fuskarsa. Mai ɗinkin ya shiga tattara almakashi da guduma.

Ƙarar faɗuwar sanda ce ta sa suka waiwayo. Baba yana tsaye a dama da babur ɗin, ya jingina ƙugunsa da tanki. Ya sunkuya ya kama wandonsa ta gwiwar hagu, ya ɗaga ƙafar kamar itace, ya tsallakar da ita ta wurin da kujerar ta fi ƙasa. Ya zauna a gaba, a cikin raminsa.

Dogo ya yunƙura zai kama shi, mai ɗinkin ya riƙe masa riga.

Hannun Baba na dama ya je kan totur da kansa. Ya murza shi kaɗan, ya saki. Ya taɓa birki. Ya miƙa yatsa ya gyara madubi, ya kalli titi ta cikinsa. Hannun hagu yana kwance a kan cinyarsa. Ya dube shi, ya dubi ɗaya hannun babur ɗin da ke jiransa. Motoci suna ta wucewa, wani mai tura kurar ruwa ya tsaya yana kallo, ya gaji ya tafi.

Daga nan Baba ya dafa tanki, ya taka matakin dama, ya tura jikinsa baya. Sabon soson ya fi tsawo, bai hau ba. Ya sake turawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Kai, Dogo," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Tsayuwar me kake yi? Kama ni ta nan."

Dogo ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa, ya ɗaga. Bai san mahaifinsa ya rame haka ba. Da bayansa ya sami majinginin, Baba ya sauke numfashi, ya bar gaban a buɗe.

"Hau," ya ce. "Mu zaga mu ji ko wannan maƙaryacin ya iya aiki."