Gashin Kaza da Nawa

Ban taɓa zaton zan yi kishi da kaza ba, sai da mijina ya fara kiwo. Tela ne, shagonsa na ƙofar gida, kuma irin mutumin nan ne da idonsa ba ya tsallake zare ɗaya da ya karkace a wuyan riga. Ban daɗe da haihuwa ba wansa ya kawo mana kaji uku, wai mu riƙa samun ƙwai. Daga ni har shi babu wanda ya taɓa kiwon ko tantabara.

A cikinsu akwai wata ja mai ƙiba, ita ce 'yar lelensa. Ya haɗa musu akurki da katako a bayan kicin, har da labule na ragowar yadi. Ni da na gaji da roƙon a rage mini tsawon labulen ɗaki, sai dai ido.

Ana nan sai jar ta daina ƙwai. Ba a jima ba gashinta ya fara zuba, wuya ya koma kamar an fige, baya ya yi fili. Hankalin bawan Allah ya tashi. Ya buɗa fukafukanta yana neman ƙwarƙwata, ya leƙa idonta, ya tona kashinta da tsinke, shi da bai taɓa leƙa kunzugun ɗansa ba. Ƙarshe ya rufe shago ya kai ta wurin likitan dabbobi. Aka ce masa ba ciwo ba ne, sauya gashi take yi, kuma kaji kan yi haka. Tunda tana ci tana sha, idonta garau, tsohon ne ke zuba don sabo ya fito. A ƙara mata abinci mai gina jiki, a bar ta ta huta. Daga ranar kullum sai ya dafa ƙwai ya marmasa mata, ya tsuguna yana kallonta tana ci yana murmushi.

Abin da bai sani ba shi ne, ni ma gashina zuba yake yi. Duk sanda na sa mataji sai ya fito cike. Gaban goshina ya zaizaye, gefe da gefe fata ta bayyana. Yayata ta ce haka haihuwa ke yi wa wasu matan, zai dawo. Na ji ta, amma ban fasa kuka a banɗaki ba. Na koma ɗaure kai a kowane lokaci, har barci da ɗankwali nake yi, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni dalili ba. Faɗa masa ba wuya ba ne, amma ban so ba. So nake ya gani da kansa, yadda ya ga na kaza.

Na san abin dariya ne, mace da ɗanta a baya tana hararar kaza. Amma duk sanda na ji shi daga kicin yana tambayarta yaya jiki, sai in ja tsaki.

Wata safiya na share tsakar gida na tara sharar a gefen akurki. Ya fito da jar a hammata, ya tsuguna yana tona sharar, wai ya ga ko zubar ta ragu. Sai ya ɗago wani dunƙulen baƙin gashi a tsakanin jajayen. Na ce a raina, to yau dai ya gani.

Ya juya shi a yatsunsa, ya ce, "Don Allah ki daina zubar da wannan a nan. Zai iya naɗe mata ƙafa."

Na jingine tsintsiya. Na kwance ɗankwalin, na sunkuyar da kaina a gabansa cikin hasken rana, na tsaya a haka. Ya ƙura wa goshina ido.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin nata ya fara."

"Wallahi ban gani ba."

Na ce, "Ai ba ka duba ba."

Na ga kunya a fuskarsa, ta gaske kuwa, har na fara jin tausayinsa. Sai jar ta motsa a hammatarsa, hannunsa ya gyara mata zama yana shafa mata wuya, bai ma san ya yi ba.