Kujera ta Biyu a Jirgin Bayan Gida

Daren jiya na yi wani mafarki. Ni ba mutum ba ne mai tara jama'a don ya ba su labarin abin da ya gani a barci, amma wannan ya ƙi sakina.

A bayan gidana akwai wani jirgin sama da bai taɓa tashi ba. Ɗana na fari ne ya ƙera shi da kwanon rufi da bututun ƙarfe da injin ban-ruwa na gonar albasata. Kujeru biyu ya sa masa. Ya ce in ya gama zai zaga duniya da shi. Na ce masa shirme ne, na kwance injina na mayar fadama. Bayan babbar sallar shekarar ya ɗauki jakarsa ya yi arewa. Yau shekara goma sha shida, ba wasiƙa, ba saƙon baka. Kaji ne ke ƙwai a cikin jirgin yanzu.

To, a mafarkin sai ga ni tsaye gaban jirgin da hantsi. An wanke shi tas, injin ya koma wurinsa. Kajin sun yi layi, kowace tana cire gashi ɗaya tana liƙa masa a fiffike. Ba wanda ya gaya min abin da zan yi, amma na sani. Tunda an ce duniya kewayayya ce, ni kuma ban san inda yaron nan yake ba, in na zaga ta kaf dole in bi ta kansa.

Wata kaza mai wake-wake ta ce, "Malam, ka karɓo hanya?"

Na ce, "A ina ake karɓa?"

"Ofishin Shamuwa. Ka hanzarta, da rufewa suke farawa."

Sai ga ni a saman wata kuka, a bakin ƙofar ofis. Mai gadin bushiya ce. Ta ce in cire takalma, na cire. Ta ce in cire karin magana. Na ce ban gane ba. Ta ce ba a shiga da su, suna toshe hanya. Na zazzage aljihuna, suka zubo kamar goro, har da waɗanda na gada wurin kakana. Ta kwashe su ta zuba a kwando. Tun ina saurayi ban taɓa tsayawa gaban wani ba tare da su ba. Na ji kamar na fito kasuwa ba hula.

Shamuwa tana zaune bayan tebur da tabarau a kan baki. Ta kifa wata ƙwarya a gabana.

"Ga duniya," in ji ta. Ta ɗauki tsinke tana nuna min. "Daga nan arewa za ka yi. Hamada ka bi ta da tsakar rana, lokacin take barci. Teku ranar Laraba ake naɗe ta a shanya, sai ka jira Laraba ka wuce ta ƙarƙashin igiyar. Bayan teku akwai ƙasar da ruwan sama ke fitowa daga ƙasa yana komawa girgije. In ka isa can ka kifa tankinka, zai cika."

Na ce injina fetur yake sha. Ta ce wancan da ne, yanzu ya tuba.

Na ce, "Kwana nawa tafiyar?"

"In ka tashi gobe, shekaranjiya za ka dawo."

Na yi lissafi da yatsu. Na ce, "Ba za a ƙara min ba? In dawo shekara goma sha shida baya?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wannan sai manyan jirage, Malam. Naka na kwano ne."

Ta jawo takarda. "Kujeru nawa?"

"Biyu."

"Ta biyun ta wa?"

"Ta yaron nan."

"Wane yaro?"

"Ɗana na fari."

"Sunansa."

Na kawar da kai gefe. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle wannan da ya ci sunan mahaifina. Ranar suna ma liman ne ya faɗa, ni ina zaure na sunkuyar da kai. Shekara talatin yana gabana, "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan". Ranar da zai tafi ya durƙusa ya ce, "Baba, zan tafi." Karin magana na ba shi, ina kallon bango. Ban ga hakan laifi ba ne. Haka aka yi min, haka na yi.

Na lalubi aljihu in samo abin da zan kare kaina, ba ko ɗaya. Duk suna kwandon bushiya.

Na ce, "Ba ni alƙalami in rubuta."

Shamuwa ta ce, "Iska ba ta karatu." Ta cire tabarau ta goge. "Daga sama mutane duk ɗaya suke, kamar gero a faifai. In ka bi ta kansa da me za ka kira shi? In ka ce 'kai', duniya duka za ta ɗago." Ta buga hatimi, ta bar gurbin sunan fari fat. "Takardarka tana aiki har faɗuwar rana. Yau a gabas za ta faɗi."

Sai ga ni kuma a bayan gidana. Matata Tabawa tana zaune a kan fiffiken jirgin tana ɗaure guzuri. Ta koma yarinya kamar shekarar da aka kawo ta, amma hannayenta na tsufa ne.

Na ce, "Ke ki je ki faɗa musu."

Ta ce, "Haba, Malam. Ni da na haife shi? In kai ka kasa, ni ina zan iya?"

Ta ajiye curin fura biyu a kan kujera ta biyu. "Wannan mai yajin tasa ce, kada ka taɓa. Ka ce masa ɗakin yana nan, ina sharewa."

Filin tashi gonar albasata ce. Albasun suka miƙe suka koma gefe, suna ja da 'ya'yansu. Na ja igiyar injin, ya kama da ja ɗaya, abin da bai taɓa yi ba a fadama. Farfela ta ɗauki juyi. Jirgin ya fara gudu. Mutanen gari suna biye da ni a gefe, a hankali suke takawa, amma ban wuce su ba. Mai unguwa ya leƙo ya ce in na ga ƙanensa a Sudan in gaishe shi.

Ɓangarena ya ɗaga. Na ji ƙafar jirgin ta dama ta bar ƙasa. Ta hagu kuwa, wadda ke ƙarƙashin kujera ta biyu, tana ta jan ƙasa tana yin kunya kamar garma. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Shamuwa ta zo tana shawagi daidai kunnena.

"Ba kowa a kanta, shi ya sa ta yi nauyi," in ji ta. "Dubi rana."

Rana ta kusa taɓa gabas.

A nan ne na hango shi. Can a gefen ƙwaryar, inda duniya ke lanƙwasa, wani mutum yana tsugune kan wani inji, ya ba ni baya. Furfura ta fito masa a ƙeya. Ban taɓa tunanin zai yi furfura ba. Ya ɗaga sifana ya sosa bayan kunne da ita, yadda yake yi tun yana gyaran keke.

Na ce, "Kai!"

Duniya duka ta ɗago. Masunta a bakin teku, mata a bakin rijiya, wasu jajayen mutane cikin ƙanƙara, har raƙuma. Shi kaɗai ne bai ɗago ba.

Rana ta taɓa ƙasa. Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Abin ya taso min daga ciki da ƙyar, kamar guga daga rijiya mai gaba arba'in.

Na ce, "Yusha'u!"

Jirgin ya tashi. Albasa da mai unguwa da kuka duk suka koma ƙasa. Mutumin ya ajiye sifana. Ya fara juyowa. Na ga kunnensa. Na ga gefen kumatunsa, da tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Ƙarar injin tana ta ƙaruwa, tana ƙaruwa, har ta cika min kai.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye, na makara sallar asuba, abin da rabona da shi na manta.

Tabawa tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, da tsufanta da komai. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Ta ce, "Malam, ya amsa?"

Na ce, "Ya fara juyowa."

Ta ajiye butar a hankali, ta ɗauki tsintsiya.