Ba A Rubutu Biyu A Jere

Ranar Litinin allura ce kawai ke shiga tsagar. Ranar Laraba Tela ta tura allin da take zana yadi da shi, ya shige har rabi, ta bar shi a ciki.

Shagonta yana ƙasan bene mai hawa biyar, kuma ginshiƙin da ya tsage shi ne na bayan kekenta, wanda ke ɗauke da rabin ginin. Iyali goma sha tara ne a sama, har da nata. Tun Litinin ta ɗauki hoto ta sa a dandalin intanet na mazauna benen. Mutum arba'in suka gani, ba wanda ya tanka. Mutanen da kan yi kwana uku suna cacar baki a kan bokitin da aka bari a matakala!

Dandalin yana da doka, kuma Sakatare, tsohon ma'aikacin ofis da ke hawa na biyar, shi ya tsara ta: ba a rubutu biyu a jere. In ka yi magana, ka jira wani ya amsa. In kana da ƙari, ka gyara rubutunka na farko.

Ta bi doka, ta ƙara hoton allin a ƙarƙashin na allurar. Amma gyara ba ya sa wayar kowa ta yi ƙara, ba ya ɗago magana sama. Batunta ya nutse ƙarƙashin cigiyar kyanwa da tallan tsohon firji.

"Abban yara, rubuta ko 'to' ne, in samu damar sake magana," ta ce wa mijinta.

"Ni? Mai benen yana cikin dandalin nan fa. So kike a ce ni na tayar da maganar?"

"To ka bari rufi ya tayar da ita."

"Ke dai bakinki! Allah zai tsare."

Da safiyar Alhamis ta buɗe shago ta tarar da yashi a kan farin yadin da ta bari a keke. Allin yana ƙasa. Ta sa hannu a tsagar, yatsu uku suka shige.

A tsaye ta yi rubutun. Ta aika, ta sake aikawa, ta ƙara na uku: ku fito da yaranku. Kafin ta gama kakkaɓe yadin an goge duka ukun, an bar mata saƙo: an dakatar da ke kwana uku.

Ta hau matakala har hawa na biyar ba ta huta ba. Sakatare ya daɗe yana fama da ƙofarsa kafin ta buɗe.

"Ɗiyata, ba gaba nake da ke ba," ya ce, yana gyara tabarau. "In na bar ki, gobe kowa ya jera goma. Dandali ya zama kasuwa."

"Baba, ka karanta abin da ka goge?"

"Ba aikina ba ne duba abin da ke ciki. Na ga uku a jere."

"Sauko shagona ka sa hannunka a tsagar."

"Gwiwata ba ta son matakala. Ranar Lahadi sai ki rubuta, cikin tsari."

Ya tura ƙofar zai rufe, ta ƙi. Ya sa kafaɗa. Samanta ya ciji bango, ƙasanta ya bar rata har Tela na hango silifas ɗinsa.

"Tun yaushe take haka?"

"Shekaranjiya. Sanyi ne, ƙofa kan kumbura."

"Ta ƙarfe ce, Baba."

Ya koma ciki ya bar ta a buɗe.

Tana sauka hawa na huɗu ta ji wayoyi na ƙara a bayan ƙofofi, ɗaki bayan ɗaki. Ta ce a ranta: Sakatare ya gane, ya sanar da su. Ta ciro tata.

"Tunatarwa ga 'yan uwa: a kiyaye dokar rubutu biyu a jere. Na gode."

Wani siririn yashi ya zubo daga sama ya rufe kalmar ƙarshe. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta sa wayar a aljihu, ta nufi ƙofa ta farko, inda ake jin kukan jariri. Ta buga sau ɗaya, shiru. Ta sake bugawa. Ta cire takalminta ta ci gaba da dukan ƙofar da shi.