Itatuwan Lasimu, Ƙasar Wanuria

Wanuria na cikin tugar rogo ta ga turke mai jan fenti a tsakiyar kunyarta. Ta tumɓuke shi, ta nufi gidan Lasimu, ɗan ƙanin babanta, ko ƙafa ba ta wanke ba.

Gonar nan ta kan tudu babanta ne ya sare dajinta, ita ta gada. Itatuwan kanumfarin da ke ciki kuwa Lasimu ya dasa, da izinin tsohon. Duk tsibirin nasu, har ƙauyukan babban tsibirin Sulawesi na tsallake, an san ƙa'idar: ƙasa ta wanda ya sare ce, itace na wanda ya dasa. Shekara ashirin yana tsinkar kanumfarinsa a sama, tana haƙar rogonta a ƙasa, ba a taɓa jin kansu ba.

Ta same shi yana goge sabon babur da gefen zanensa. Ta jefa masa turken.

"Lasimu, wannan fa?"

"Af, na masu haƙar ma'adinin nikel ne, Yaya. Sun ce itatuwan nan na wane ne, na ce nawa. Ƙarya na yi?"

"Sai kuma aka yi yaya?"

"Sai na sayar musu. Itatuwana kawai! Ƙasarki ko taɓa ta ban yi ba."

"Ka karanta takardar?"

"Shafi goma sha biyu ce fa, Yaya. Na dai dangwala."

Haushi kamar ya kashe ta. Ƙato da furfura a gemu! Ta ce, "Kamfanin da ya cinye duwatsu uku a gabas ne zai zo sayen kanumfari? Shayi za su dafa?"

"To ai mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba," in ji shi. Kuma wallahi har cikin zuciyarsa haka ya ɗauka. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, don da macuci ne da ta san zagin da za ta yi masa.

Ta tisa ƙeyarsa zuwa wurin mai gari. Mai gari ya saurara, ya tura mata kofin gahawa, ya tambaye ta ko tana da takardar mallaka.

"Wa ke da ita a ƙauyen nan? Kai kana da ita?"

Mai gari ya sosa ƙeya. Wai a taswirar hukuma tudun nan daji ne, kuma wanda yake da tsofaffin itatuwa a wuri shi kamfani ke ɗauka mai wurin. Rogo kuwa ɗan wata tara ne, ba ya zama shaida. Sai haƙuri. Ta bar masa gahawarsa ta fita.

Ranar Talata katafila ta hawo tudun, tifofi na biye. Lasimu ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tari shugaban ma'aikatan da ladabi, Wanuria na tsaye a bayansa.

"Yallaɓai, an yi kuskure. Itatuwan ne naku. Ku sare ku tafi da su, amma ƙasar ta yayata ce."

Mutumin ya dube shi, ya dubi itatuwan kamar yanzu ya fara ganinsu.

"Itatuwa? Baba, kwashe abinka in kana so, kyauta. Mu ƙasar muke lodawa a jirgi."

Kafin azahar kanumfarin na kwance a gefen hanya, saiwoyi a sama. Tifa ta farko ta gangara bakin teku cike da jar ƙasa, ganyen rogo na leƙowa daga saman lodin. Wanuria ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Lasimu ya matso kusa da ita.

"Yaya, in faskara miki su? Busasshen kanumfari na cin wuta sosai."

"Faskara," ta ce. "In dafa me?"