Hayaƙin Kwalta

A shekarun farko bayan tafiyar Faransawa, Maikano na garin Ɗan Kassari ya samu aikin hanya wajen Dogon Dutsi, shi ne mai dafa kwalta a ganga. Rani bayan rani yana shaƙar wannan baƙin hayaƙi, har ran da aka maido shi gida bisa jaki, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi, kakinsa baƙi ƙirin.

Matarsa Ajuma ta garzaya wurin tsohuwa Dije mai saiwoyi.

"Hayaƙi ya ci mai huhu," in ji Dije. "Dafa ganyen sabara, ki sa zuma, shi sha safe da marece. Amma ko murhu kada shi kusanta."

Ajuma ta mai da murhunta bayan rumbu. Sannu sannu kwana nesa, Maikano ya fara shan fura, har yana lallaɓawa ya zauna bakin ƙofa. Kai, ranar nan Ajuma har waƙa ta yi a bakin turmi!

Sai uwarsa Ma'u ta ji labari wai masu aikin hanya sun sare wata tsohuwar tsamiya, gidan Doguwa, iskar nan mai ɗaukar fansa.

"Wane hayaƙi?" in ji ta. "Mu ba cikin hayaƙi munka tsufa ba? Doguwa ce bisa kainai, sai turare. Ke ɗiyar nan, kawo garwashi."

Ajuma ta buɗe baki, kunya ta rufe mata shi. Wace mace ce za ta ce wa uwar miji ba haka ba? Da hannunta ta kawo kaskon wuta. Ma'u ta zuba saiwoyi da ƙaro, suka lulluɓe Maikano da bargo, shi da kaskon.

Tari ya sarƙe shi, ya shiga kokawa da bargon.

"Inna, a buɗe mai kaɗan," in ji Ajuma.

"Riƙe da kyau! Ita ce ke gardamar hita."

Ta riƙe, wayyo, ta riƙe tana hawaye. Can kokawar ta lafa, tarin ya tsaya cak.

"Alhamdulillahi, ta hita," in ji Ma'u, tana share zufa cikin murna. "Kin gani? Har barci ya kwashe shi. Kada ki tashe shi."

Tafin Ajuma na kan bayansa. Ta daɗe tana jiran bayan nan ya ɗaga, bai ɗaga ba.